Batirin Gishiri: In Jira Shi Ko In Sayi Litiyam Kawai?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masana harkar sola. Batura huɗu gare ni masu ruwa, 220Ah kowanne, shekararsu biyu da wata bakwai. Da farko suna kai mu asuba da fanka uku da firij, yanzu kuwa ƙarfe ɗayan dare inbata take fara kuka. Na ɗan tara kuɗi zan koma litiyam, sai jiya ƙanina ya turo min bidiyo wai China sun ƙera batirin gishiri, ba ya kama wuta, ya fi litiyam araha nesa ba kusa ba, kuma wai nan da ɗan lokaci babu mai waiwayar litiyam. Shi ne jikina ya yi sanyi. Kar in zuba abin da na shekara ina tarawa, baɗi a ce min na sayi tsohon yayi. In daure in jira ne, ko in saya kawai? Kuma tsakani da Allah, gishirin miya ake nufi ko salon talla ne?

Mai_Wayarin_Kurna:
Wa alaikumus salam. Alhaji, sayi abinka ka kwana da fanka. Wanda ya ce zai jira sabon batir, zafin watan Afrilu ne zai ba shi amsa.

Baba_Mai_Rediyo:
Yaro, ni na daɗe ina jin irin wannan albishir. Duk shekara sai an ce ga batirin da zai kashe duk sauran batura, a nuna wani farin Bature da farar riga yana riƙe da ɗan abu kamar biskit, daga nan shiru kake ji. A 2017 an yi ta yayata batirin gilashi, wanda John Goodenough da abokiyar aikinsa Maria Helena Braga suka sanar. Kuma fa Goodenough ba ƙaramin mutum ba ne, yana cikin ukun da aka bai wa kyautar Nobel a 2019 saboda batirin litiyam ɗin da ke cikin wayarka, yana da shekara 97 a lokacin. Mutumin ya rasu a 2023, har yau ban ga batirin gilashi a shagon kowa ba. Toyota kuma tun kafin wasannin Olamfik na Tokyo suke alƙawarin batirin da babu ruwa a cikinsa, yanzu sun ɗaga zuwa 2027 ko 2028. Shi kansa na gishirin ba yau aka fara ba. Akwai wani kamfanin Amurka, Aquion, da ya yi batirin ruwan gishiri, har Bill Gates ya sa kuɗinsa, a 2017 ya karye. Gani ya kori ji. Ranar da na gan shi a Sabon Gari da takardar garanti, ranar zan yarda.

Malamin_Kimiyya:
Baba, a yi min afuwa zan ɗan gyara. Duk abin da ka lissafo haka ne, amma wannan karon akwai bambanci: batirin sodiyam ya riga ya fita daga ɗakin gwaji. Kamfanin CATL, wanda ya fi kowa ƙera batirin mota a duniya, ya nuna nasa na farko a watan Yulin 2021, sannan a Afrilun 2025 ya fito da wanda ya sa wa suna Naxtra. A farkon 2024 an fara miƙa wa masu saye wata ƙaramar mota ta JAC mai amfani da batirin kamfanin HiNa. A lardin Hubei kuma, a garin Qianjiang, an kunna rumbun ajiyar lantarki na sodiyam zalla a tsakiyar 2024, kashin farko kaɗai megawat 50 ne. Wannan ba bidiyon talla ba ne.

Sai tambayar Abban Sadiq kan gishirin miya. Ba wai ana ɗura gishiri a cikin akwati ba ne. Sinadarin sodiyam ake nufi, wanda yake cikin gishiri. Amma in za a bi gaskiya, da batirin kanwa aka ce masa da ya fi dacewa, domin abin da masana'antar take sarrafawa garin soda ne, sodiyam kabonet, shi ne kuwa babban sinadarin da ke cikin kanwarmu. Aikinsa iri ɗaya ne da na litiyam: in kana caji ƙwayoyin sinadarin su tafi ɓangare ɗaya su taru, in kana amfani su dawo. Sai dai ƙwayar sodiyam ta fi girma, kuma ta ninka ta litiyam nauyi fiye da sau uku, shi ya sa batirin yake fin girma da nauyi a kan wuta iri ɗaya.

Ɗan_Gashuwa:
Allahu akbar! Kanwa uwar gami, yau har ta kai ga haɗa lantarki. To mu mutanen Yobe da Barno kakarmu ta yanke saƙa ke nan. Bari in je in fara tara ungurnu tun kafin 'yan China su ji labari.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan Gashuwa, kar ka sayar da gonarka tukuna. Dalilin da ya sa ake son sodiyam shi ne ba shi da tsada kuma ko'ina akwai shi, a ɓawon ƙasa ya ninka litiyam yawa kusan sau dubu. Amurka tana da tulin irin wannan kanwar a ƙarƙashin ƙasa a jihar Wyoming, China kuma tana haɗa garin soda daga gishiri da farar ƙasa. Babu wanda zai yi layi a kan kanwar Manga. Kuɗin yana wurin mai masana'anta.

Maman_Ilham:
Ni dai ban san kimiyya ba, abin da ya same ni zan faɗa. Ƙanƙara da zoɓo da kunun aya nake sayarwa a gida, firiza biyu. A watan Oktoban 2024 da Arewa ta yi kusan kwana goma a duhu, batura masu ruwa gare ni guda biyu. Na matsa musu dare da rana saboda ciniki ya buɗe, ƙanƙarar da ake wulaƙantawa ta zama zinare. Wata safiya na shiga ɗakin da suke, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, na taɓa gefen ɗaya zafi zau, cikinsa ya kumbura kamar an hura, ɗan tsinken nan mai nuna ruwa ya nutse ƙasa gaba ɗaya. Daga ranar bai ƙara riƙe caji ba. Na sayar da 'yan kunnena da awarwaro na haɗa na sayi litiyam 5kWh. Yanzu babu zuba ruwa, babu wari, a waya nake ganin kashi nawa ya rage. Da na tsaya jiran wani sabon abu da azumi biyu sun wuce ni babu ciniki. Abban Sadiq, lissafa abin da kake asara kowane dare, shi ma kuɗi ne.

Abban_Sadiq:
Maman Ilham, Allah ya ƙara buɗi. Warin nan da kika faɗa nima na fara jin sa sama-sama.

Injiniya_Sola:
Alhaji, in ka fara jin wannan warin, buɗe taga yau ɗin nan kuma kar a kunna ashana ko a ja sigari kusa da su. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in caji ya yi masa yawa.

Sai maganar sodiyam. Ni a matsayina na wanda yake hawa rufin mutane kullum, abin da ya dame ni ba batirin ba ne, inbatarka ce. Kowace ƙwayar da ake jerawa a cikin batirin litiyam irin na gida, wanda ake ce wa LFP, tana zaune ne daram a kan bolt 3.2 kusan daga farkon amfani har ƙarshe. Ka jera 16 ka sami 51.2, inbata mai 48 ta karɓa lafiya lau. Ita ƙwayar batirin sodiyam a cike tana kusan bolt 4, tana zubewa a hankali har ƙasa da 2. Inbatocin da ke gidajenmu galibi suna kashe kansu in wuta ta sauka wajen 40 zuwa 42. Ka ga ke nan akwai sauran wuta a batirin amma inbata ta ce ta gama. Ka biya kuɗin buhu guda, ana ba ka mudu talatin. Sai dai ka canza inbata, ita ma kuɗi ce. Masu bidiyo ba sa faɗar wannan.

Kwamared_Lafiya:
Ni abin da ya fi ɗaure min kai daban ne. A nan Nasarawa kowa maganar litiyam yake. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen da 'yan China suka gina, ana ta jawabi cewa mun samu sabon man fetur. Samari sun bar gona sun koma rami, har da yara ƙanana suna tsintar dutse a buhu. To in gobe duniya ta koma kanwa, mu kuma fa? Ramukan za a bar mana?

Malamin_Kimiyya:
Kwamared, tambayarka ta taɓo ainihin abin da ya hana batirin sodiyam yin arahar da ake faɗa. A watan Nuwamban 2022 tan ɗaya na litiyam kabonet ya kusa yuwan 600,000 a China. Lokacin ne kowa ya ruga wurin sodiyam. Kafin ƙarshen 2023 farashin ya faɗo wajen 100,000, a tsakiyar 2025 har ya taɓa wajen 60,000 kafin ya sake ɗagawa. Da litiyam ya karye haka, sai batirin LFP ya yi arahar da sodiyam bai kamo ba, domin shi LFP manyan masana'antu ne suke fitar da shi ba dare ba rana, shi kuwa sodiyam yanzu yake rarrafe. Kayan haɗinsa ne masu araha: babu litiyam, ana sa farantin alminiyam a inda litiyam yake buƙatar tagulla, baƙin gawayin da ke cikinsa ma wani daga ɓawon kwakwa ake yin sa. Amma arahar kayan miya daban, arahar tuwon a faranti daban.

Game da ramukanku, ba na jin litiyam zai mutu. Waya da kwamfuta da motar da za ta yi doguwar tafiya duk suna son batir marar nauyi. Abin da sodiyam zai yi shi ne ya hana litiyam sake yin tashin gwauron zabo, kuma wannan ba labari mai daɗi ba ne ga mai haƙa.

Kwamared_Lafiya:
Ko da farashin yana sama ma, Malam, mai haƙa bai ga komai ba. 'Yan tsakiya ne suke ci.

Baba_Mai_Rediyo:
Malamin Kimiyya, ka ambaci waɗanda suka rayu, ka manta da gawarwaki. Northvolt na Suwidin, wanda Turai gaba ɗaya ta ɗora wa buri, ya sanar da nasa batirin sodiyam a ƙarshen 2023, a watan Maris na 2025 ya karye. Natron na Amurka ya ce zai gina masana'antar sama da dala biliyan ɗaya a North Carolina, a 2025 ya rufe ƙofa. Ka ga sunan ma, Natron, kanwa ke nan da Turanci. Kanwar ba ta cece shi ba.

Malamin_Kimiyya:
Baba, ranka ya daɗe, na karɓi ta Natron. Amma Northvolt ba sodiyam ne ya kayar da shi ba, batirin litiyam ɗin da ya yi alƙawarin ƙera wa kamfanonin mota ne ya kasa fitarwa da yawa kuma a kan lokaci. Darasin da ke ciki shi ne ƙera batir miliyan iri ɗaya babu tangarɗa ya fi ƙirƙiro shi wuya, kuma a nan ne 'yan China suka yi wa kowa fintinkau.

Ɗalibi_A_Sin:
Salam. Ina karatu a China, bari in faɗi abin da idona ya gani. Gaskiya ne kamfanin Yadea sun fito da babura masu batirin sodiyam, kuma kamfanin BYD sun fara gina babbar masana'antarsa a Xuzhou tun farkon 2024. Amma in ka tsaya a bakin makarantarmu ka dubi ɗaruruwan babura masu caji da aka jera, mafi yawansu har yau batirin dalma ne a ƙarƙashin kujera, dangin masu ruwan nan namu, irin wanda wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro tun 1859. Dalili kuwa araha, kuma in ya mutu mai shago yana karɓar tsohon ya rage maka kuɗin sabo. Wato a ƙasar da ake ƙera sodiyam ɗin ma bai kori dalma ba tukuna, balle litiyam. Inda suka fi yabon sa shi ne arewacin ƙasar mai tsananin sanyi. CATL suna cewa nasu yana aiki a ma'aunin sanyi 40 ƙasa da sifili.

Mai_Wayarin_Kurna:
Arba'in ƙasa da sifili! To mu ina ruwanmu? A kawo mana wanda zai jure 45 a sama da sifili a ɗakin da aka rufa da kwano, babu silin. Ko a Jos sanyin bai kai a sayi batir dominsa ba.

Injiniya_Sola:
Dariya kake yi amma maganar nan ita ce gaskiyar lamarin. Zafi ne yake cinye baturanmu. Lissafin da ke jikin takarda na ɗakin da ke kan digiri 25 ne, kuma batirin dalma duk ƙarin kamar digiri goma yana raba tsawon ransa biyu. Shi ya sa na Abban Sadiq bai kai shekara uku ba. Litiyam ma zafi yana rage masa kwana, sai dai ya fi juriya, kuma yana da kwakwalwar da take yanke caji in abu ya yi yawa. Ni kafin in sa wa mutum sodiyam a gida sai na ga wanda ya yi bazara uku a Sakkwato ko Maiduguri, ba takardar kamfani ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar, 'yan uwa. Mu mun ga abin da kuka gani tun kafin ku. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, kuma mafi yawan wutarmu daga can take zuwa, kowa ya ruga sola. Tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta taimaki Yamai da rana, amma in rana ta faɗi sai a koma gidan jiya, tunda rana ba ta kwana. To ni fatana a kan batirin kanwar nan ba na ɗakina ba ne. Ina so ya yi arahar da za a jibge shi kwantena-kwantena kusa da irin waɗannan tashoshi. A can nauyi ba matsala ba ne, fili gare mu har ya yi yawa. In an yi haka, talakan da ba zai taɓa iya sayen inbata ba shi ma zai kwana da wuta.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan Maraɗi ya faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Nan ne gidan sodiyam na gaskiya.

Ummu_Hanan:
Don Allah ni tambayata ta tsoro ce. A makaranta an nuna mana sodiyam, malami ya yanko ɗan mitsitsi ya jefa a ruwa, ya yi ta gudu yana tartsatsi har ya kama wuta. Shi ne za a ce in ajiye a ɗaki da yara? Ga damina ga yoyon rufi. Litiyam ɗin ma ina tsoronsa tun da na ji labarin wayar Samsung ɗin nan da aka hana shiga jirgi da ita.

Malamin_Kimiyya:
'Yar'uwa, abin da kika gani tsagwaron ƙarfen sodiyam ne. Wanda ke cikin batir a haɗe yake da wasu sinadarai, kamar yadda na cikin gishirin miyarki yake a haɗe, shi ya sa tukunya ba ta fashewa. Amma kuma masu cewa ba ya kama wuta sam sun yi ƙari. Ruwan da ke cikin galibin batiran sodiyam dangin na litiyam ne, yana ci da wuta. Abin da ya fi shi ne ana iya sauke cajinsa har sifili a yi safararsa babu fargaba, wanda in ka yi wa litiyam haka ka lalata shi. Wayar da kika tuna Galaxy Note 7 ce ta 2016, kuma irin batirinta daban yake da LFP na gida. LFP ba shi da kobal, kuma yana da wuyar kamawa ƙwarai.

Mai_Gyara_Farm_Centre:
Duk kun bar inda gizo yake saƙa. Ku bar China, ku dawo kasuwarmu. Watan jiya wani bawan Allah ya kawo min batir, an rubuta 100Ah da manyan baƙaƙe, wata biyar da saye ya daina kai shi sha biyun dare. Na kwance murfin. Ƙwayoyin ciki kala uku ne, wasu an kankare lambar jikinsu da wuƙa an liƙa sabuwar leda shuɗiya, kan sandunan akwai tabon tsohon walda, alamar daga wani wuri aka ciro su. Na gwada ɗaya bayan ɗaya, mafi ƙarfinsu bai kai 70 ba. Wanda ya sayar masa ya ce garanti ba ya aiki tunda an buɗe. Ko ƙananan batura na tocila haka ne, za ka ga an rubuta 9900mAh a jikin wanda ake ce wa 18650, alhali na ƙwarai ma iyakarsa wajen 3500, in ka ɗaga shi ba nauyi kamar fanko.

To ku rubuta ku ajiye: ranar da sunan batirin gishiri ya karɓu, washegari za ku ga an buga sitika. Tsohon litiyam ɗin da aka ƙi saye shi za a liƙa wa. Kuma ni da nake gyara ban da abin gwada shi, ban da kwakwalwarsa ta canji, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wanda ya fara saye da shi za a koyi aiki.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Yanzu ni ta yaya zan san nawa ba irin wannan ba ne?

Mai_Gyara_Farm_Centre:
Hajiya, tunda ya yi miki azumi biyu da firiza biyu, kwantar da hankalinki. Na bogi ba ya kai haka. Ga mai saye sabo: a cika shi, a ɗora masa kaya da aka san nauyinsu, a ƙirga awa a gabanka kafin ka gama biya. Kuma a ɗora shi a sikeli. LFP mai 5kWh yana kai kilo arba'in da wani abu, in ka ji shi sakayau akwai magana.

Kwamared_Lafiya:
Wani abin da ba a taɓo ba: in batirin ya mutu ina za a kai shi? Na dalma aƙalla 'yan gwangwan suna saye. Ko da yake shi ma bala'i ne, ba shi ne ya kashe yara a Zamfara ba?

Likitan_Ƙauye:
A'a Kwamared, na Zamfara a 2010 ba daga batir ba ne. Dutsen zinare ne mai dalma a ciki ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara sama da 400. Amma gubar ɗaya ce, kuma inda ake narka tsofaffin batura, kamar Ogijo a jihar Ogun, an sami dalma a jinin mutanen unguwa. Ni in sodiyam zai kori batirin dalma daga gidajenmu, ko bai fi litiyam da komai ba ina maraba da shi. Roƙona ga Abban Sadiq, duk abin da ka yanke, kar ka bari a fasa tsofaffin a tsakar gidanka a zubar da ruwan a kwata. Na sha ganin masu saye suna yin haka don su rage nauyi, yara suna tsaye suna kallo.

Baba_Mai_Rediyo:
Likita ya yi gaskiya. Amma ku lura da wani abu. Shi LFP ɗin nan da kuke yabo, a ɗakin binciken Goodenough aka gano shi tun wajen 1996. Sai da ya yi shekara ashirin da ɗoriya kafin ya zama abin da Maman Ilham za ta sayar da awarwaro ta saya. Sony ta fara sayar da litiyam a 1991, mu nan sai yaushe muka gan shi a inbata? To ku yi min lissafin sodiyam da wannan ma'aunin.

Ɗalibi_A_Sin:
Baba, ma'aunin ya canza. Wancan lokacin babu masana'antun. Yanzu injinan da suke naɗe litiyam kusan su ne za su naɗe sodiyam, gyara kaɗan ake yi. Ba zai ɗauki shekara ashirin ba.

Baba_Mai_Rediyo:
To Allah ya nuna mana. In ina raye ka tuna min.

Direban_Adaidaita:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, abu ɗaya nake so in ji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rabin cinikina a gidan mai yake ƙarewa. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas zuwa masu caji. Shin batirin kanwar nan zai sa adaidaita mai caji ta sauko inda irina zai iya saye? In zai yi, ko nauyin buhun siminti biyu ne zan ɗauka.

Injiniya_Sola:
Direba, irin aikinka ne ma aka fi hango masa: gajeriyar tafiya cikin gari, caji da sauri, ba ruwanka da gudun kilomita 500. Amma nauyin da ka raina fasinja ɗaya ne ka rage a kowane sawu. Kuma a ina za ka yi cajin? Wannan ita ce tambayar da ta fi ta batirin.

Mai_Wayarin_Kurna:
An bar Alhaji a tsaye da batura huɗu masu wari, an tafi Yamai an dawo ta Maiduguri. Abban Sadiq, kana nan kuwa?

Abban_Sadiq:
Ina nan, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na buɗe tagar kamar yadda Injiniya ya ce. Da yamma na kira yaron da ya haɗa min ya zo da abin auna ruwan batir. Ashe guda ɗaya ne ya mutu murus, ɗaki biyu a cikinsa ba sa motsi, shi yake janyo sauran ƙasa. Ukun da saura, ko da yake sun gaji. Yanzu tunani biyu nake: ko in sayi guda ɗaya mai ruwa in lallaɓa shekara guda in ga inda maganar kanwar nan za ta kwana, ko in rufe ido in ɗauki litiyam. Uwargida ta ce ita ba ta san wani sodiyam ba, fanka take so.

Injiniya_Sola:
Kar ka haɗa sabo da tsofaffi uku, Alhaji. Cikin 'yan watanni za su mayar da shi tsoho irinsu, ka yi asara biyu.

Malamin_Kimiyya:
Ni kuma da zan ce in ka samu na hannu mai shekaru kamar nasu, lallaɓawar ba laifi ba ce. Ko sodiyam bai iso ba, farashin batirin litiyam a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau.

Mai_Wayarin_Kurna:
A dala yake faɗuwa, Malam. Mu da naira muke saye.

Maman_Ilham:
Abban Sadiq, in ka yanke shawarar litiyam, biyu daga cikin masu ran nan nawa za ka bar min? Maƙwabciyata fitila da fanka ɗaya kawai take so, kuma inbatarta mai 24 ce.